Tarin Injin Baba Nata'ala

Baba Nata'ala bai taɓa son Yaoundé ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Cewa yake gari ne da duk inda ka sa ƙafa ko hawa kake yi ko gangara, babu inda ido zai miƙe ya huta. Idan aka sheƙa ruwa kwatocin unguwarmu Briqueterie suka cika suka tumbatsa, kowa na tattare riga yana tsaki, shi kuwa sai ya fito bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya yana kallon jan ruwan nan na gudu da ledoji, fuskarsa a sake, kamar ya ga ɗan garinsu.

Ni sunana Larai, ɗinki nake yi. Gidanmu na haya ne, tsakar gidan kuwa idan mata biyu suka baza wanki ta uku sai ta jira. Kekena yana bakin ƙofar ɗakina, ƙofar kuma tana kallon ta su Baba Nata'ala. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Masunci ne, ɗan masunci. A bakin kogin Binuwai aka haife shi, kusa da Garwa, inda mahaifinsa ya yada zango bayan ya baro ƙasar Yawuri yana bin kifi. Shi ma bin kifin ya yi. Ya zauna Lagdo, daga baya ya gangaro madatsar ruwa ta Mape, can bayan Fumban, ya kafa bukka, bukka ta zama ɗaki. A nan ya sa aka ƙera masa dogon jirgin katako, a nan kuma ya sayi injin da ake maƙalawa a bayan jirgi. Ko a lokacin injin ba sabo ba ne. Irin na da ne, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a jarka ɗaya a jijjiga, mai hayaƙi, mai ƙarar da ke hana mutum jin maganar na kusa da shi. Wani gyara da aka taɓa yi masa a salansa, wato bututun hayaƙi, ya bar shi da wani tari: zai yi ta ɓaɓatu, sai ya sarƙe kamar zai mutu, ya yi tari, ya ci gaba. Makanikai sun yi iya yinsu, tarin ya ƙi tafiya, har aka daina kula shi.

Matarsa Inna Jaratu ita ke yin banda. A bakin ruwan nan, kamar yadda 'yarsu Karimatu ta ba ni labari, mata ba sa tsayawa hangen jirage, don aiki ya yi musu yawa. Da kunne suke jira. Kowace ta san kukan injin gidanta tun yana nesa, ido bai kai ba, kuma sai ta ji shi take hura wutar banda, don kada itace ya ci a banza. Inna Jaratu ta ƙara da nata: ba ta sa komai a baki sai ta ji tarin nan. Ba wanda ya ɗora mata. Ta ce abinci ba ya wuce mata wuya idan mutum yana kan ruwa. Haka suka yi har gashinsu ya yi fari.

Sai mantuwa ta fara kama ta. Da farko gishiri ne sau biyu a miya, daga baya ta fara fita ta kasa gane hanyar gida. Karimatu, wadda ke aure a nan Briqueterie, mijinta mahauci ne, ta je ta taho da ita don a kai ta asibiti. Baba Nata'ala ya damƙa jirgi da inji a hannun ɗan ƙanensa Musaddiq, magidanci ne mai iyali, ya biyo matarsa da jaka ɗaya, yana cewa kafin ruwa ya ja baya za su koma. Likita ya yi dogon bayani da Faransanci. Da Karimatu ta taƙaita mana, abin da ya rage shi ne ba a warkewa, sai dai a kula da ita, a tabbatar tana cin abinci.

Cin abincin kuwa shi ne ya zama yaƙi. A kanta har yanzu tana bakin ruwa, mai gidanta kuma bai dawo ba. Ga shi zaune a gabanta a kan tabarma, gwiwa na taɓa gwiwa, amma ita baƙo take gani. Ta gaishe shi da ladabi, ta gyara mayafi, ta tambaye shi ko daga nesa yake. Idan Karimatu ta kawo kwano sai ta ture.

"Bari ya dawo tukuna."

"Inna, ga shi nan fa. Ga Baba."

Sai ta dubi Karimatu da tausayi, kamar ita ce mara lafiyar.

Shi kuma a garin nan ya rasa inda zai sa kansa. Surukinsa ya kai shi wajen masu tsire ko zai rage zaman banza, ya dawo ya ce warin jini na juya masa ciki, mutumin da ya shekara yana fede kifi! Taksi kuwa ba ya shiga, wai ba zai zauna a cinyar ƙato ba. Idan Musaddiq ya aiko da kwandon banda, da ƙafa yake kai wa masu saye a kasuwar Mokolo, ya dawo yana mitar cewa mutanen birni ba su san tarwaɗa daga karfasa ba sai an soya. Ragowar yini yana zaune yana warware zaren tsofaffin buhuna yana nannaɗewa, ban san don me ba. Ina tsokanarsa ina cewa, "Baba, wace koma za a saƙa, a wane kogi?" Ya ce, "Ke dai taka kekenki."

Yadda aka gano maganin, ba wanda ya shirya. Wata rana gab da azahar Musaddiq ya kira daga cikin jirgi, suna kusa da gaɓa, inda waya ke fara kamawa. Baba Nata'ala kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a buɗe yake sa murya, duk gida mu sha labari. Muryar Musaddiq ma ba a ji sosai, injin ya cika wayar. Ya yi ɓaɓatu, ya sarƙe, ya yi tarinsa.

Inna Jaratu, wadda tun safe take jingine da bango, ta miƙe zumbur.

"Ya dawo! Karimatu, hura wuta!"

Ta juyo, idonta ya sauka a kansa. Na ga lokacin da ta gane shi, don ina kallo, ƙafata a kan keke. Ta ce, "Kai kuma yau ka daɗe. An samu?"

Ya ce, "An samu, alhamdu lillahi."

"To wanke hannu."

Ta cinye tuwon nan tas, tana yi masa faɗan ya bar rigarsa ta yage. Ni dai na shige ɗaki na yi kukana, na fito na ce zare ne ya shigar mini ido. Kafin la'asar ta sake mantawa da shi. Amma ta ci.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Kullum gab da azahar Karimatu ta ajiye kwano, ni in tsayar da keke, matan gida su kwaɓi yara, waya ta yi ƙara. Musaddiq ya kara wayarsa kusa da inji, tari ya fito, Inna Jaratu ta ce ya dawo. Baba Nata'ala yakan sa hula tun kafin lokacin, ya gyara zama. A duk yinin Allah, ɗan wannan lokacin ne kaɗai yake da mata, ita ma take da miji. Har kumatunta suka ɗan ciko.

Abin da ban sani ba, sai daga baya, shi ne abin da ya gaya wa Musaddiq. Bai ce masa matar baffanka ta daina gane ni ba. Ina! Dattijo irinsa ya buɗe baki ya gaya wa ɗan ƙanensa haka? Su a can abin da suka sani shi ne Inna na fama da jiki, ana shan magani. Ya kuma hana Karimatu faɗa, wai kada a riƙa yawo da sunan uwarta a bakin ruwa ana cewa ta taɓu. Abin da ya ce wa Musaddiq shi ne, "Kullum in kun kusa gaɓa ka kira ni, ka sa mini injin nan in ji lafiyarsa."

To Musaddiq ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya ga tsoho yana can birni da mara lafiya, amma tunanin ruɓaɓɓen inji ya hana shi sakat, kullum sai ya saurara. Kuma injin ya ruɓe ɗin. Yana shan fetur kamar rami, kayan gyaransa sai an aika har Duwala a dawo hannu wofi, kuma ya taɓa mutuwa da su a tsakiyar ruwa, iska na kaɗa su cikin busassun itatuwan da madatsar ta shanye, da mutane a jirgi. Sai ya ƙudura zai sauke wa baffansa wannan nauyi, kuma ba zai faɗa ba sai an gama.

Ya kira ya ce za a ja jirgi tudu na 'yan kwanaki, akwai katakon da za a sauya. Kwanakin nan mun sha wuya. Da lallashi da dabara muke samu ta kurɓi kunu. Baba Nata'ala yana ta cewa, "Ku yi haƙuri, gyara ne, an kusa."

Ranar da wayar ta sake ƙara gab da azahar, har tuwon shinkafa Karimatu ta tuƙa. Ya sa hularsa. Muryar Musaddiq ta fito tar, kamar yana tsakar gidan, abin da ba mu saba ba.

"Baffa, albishirinka!"

"Goro."

"Saurara ka ji."

Muka kasa kunne. Akwai motsin ruwa, da wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa irin na firji.

"To ka tayar mana," in ji Baba Nata'ala.

Musaddiq ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai a tashe suke, Baffa! Su biyu ma! Quatre-temps ne, irin na zamani, sababbi dal. Ba a haɗa musu mai da fetur, kowanne da wurin mansa daban. Ba hayaƙi, ba ihu, fetur kuwa kamar ba sa sha. Nauyi ne dai da su, shi ya sa kafinta ya sake katakon baya gaba ɗaya, ya ƙara ƙarfe. In ɗaya ya tsaya ɗaya zai kawo mu gida. C'est fini, an gama, Baffa, ka kwanta ka yi barcinka. Ka daina damuwa da inji."

Baba Nata'ala ya dubi wayar, ya dubi matarsa. Tana jingine da bango tana wasa da bakin zanenta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Tsohon fa?"

"Wanda ya kawo mana waɗannan ya karɓe shi, ya rage mana wani abu. Ni har na yi mamaki da ya karɓa."

Na zaci zai yi ihu. Ni da na yi. Amma sai ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa a ci moriyarsu." Ya kashe wayar, ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Haushi ya kama ni, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na rasa wanda zan zaga. Musaddiq? Mutumin da ya tsirar da rayuka, ya yi abin da kowane ɗan kirki zai yi? Tsohon? Ga shi nan zaune kamar an zare masa laka. Da la'asar na karɓi lambar a wajen Karimatu, na fita bakin titi inda hayaƙin masu tsire ke tashi, na kira Musaddiq na zayyana masa komai, ban rage ba. In Baba zai yi fushi da ni ya yi. Musaddiq ya ce, "Inna lillahi. Yaya Larai, me ya sa ba wanda ya gaya mini? Wallahi da na ajiye shi a ɗaka kamar jariri."

Washegari Musaddiq bai fita kamun kifi ba, ya hau babur ya bi sawun injin. Mai sayarwar ya riga ya kwance shi. Abin da ke da amfani a ciki an raba wa makanikai, gangar jikin kuma, da yake dalma ce, an sayar wa masu zubin tukwane. Ya je har wurinsu. Suka nuna masa tukwane a jere suna sheƙi, suka ce ya zaɓa, ba su san wacce ce ba.

Da labari ya bazu a gida, kowa ya zama mai hikima. Surukin ya ce, "Ai da kun ɗauki ƙarar a waya kun ajiye." Na ce masa, "Kai da kake da babbar waya, kana ɗaukar rawar biki da raguna, ina kake?" Abu ne da ke zuwa kullum kamar kiran salla, wa zai yi tunanin ajiye shi?

Muka shiga gwaje-gwaje. Musaddiq ya roƙi wani maƙwabcinsu a bakin ruwa mai irin tsohon injin, ya kira gab da azahar ya kara wayar. Ƙara ta cika tsakar gida, ni a kunnena babu wani bambanci. Inna Jaratu ta ɗago kai, ta karkata kunne. Sai ta taɓe baki.

"Na Hamadu ne. Kullum shi ke riga kowa, ba ya haƙurin jiran kifi."

Musaddiq ya ce wallahi na Hamadu ne. Matar da ba ta san sunan jikokinta ba! Aka gwada na wani, ta faɗi mai shi, har da cewa matarsa ba ta iya banda ba. Wani ma ta ce mai shi ya rasu, aka ce haka ne, ɗansa ke tuƙawa. Mun yi dariya ranar, dariyar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

Wani makanike a layinmu ya kawo tsohon janareta irin mai haɗin mai, ya tayar a zaure, yana toshe salansa da tsumma don ya yi tari. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, yara na murna, ita kuwa ta toshe kunne ta ce a gaya wa masu niƙa su matsa gaba. Aka yi maganar a mayar da ita Mape ko ganin ruwa zai taimaka. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki hanyar ba. Ko da zai ɗauka, me za ta ji a can? Jirgin mijinta yanzu yana isowa gaɓa shiru, Musaddiq ya ce har matarsa sai ta gan su a tsaye take hura wuta.

Yanzu da cokali muke bin ta. Idan na ce mata ɗanɗana mini gishiri za ki yi, takan karɓi loma ɗaya, wani lokaci biyu, sai ta gane wayon ta rufe baki. Zanen da na ɗinka mata da salla yana zagaye ta har ya yi saura. An yi mata ƙarin ruwa a asibiti, ta fizge allurar ta ce tana da aiki a gida. Musaddiq na aiko da banda fiye da da, don sababbin injinan na kai su inda tsohon bai taɓa kaiwa ba. Kwanduna na shigowa gidan cike, wadda ta fi kowa sanin daɗin kifin ba ta taɓawa. Baba Nata'ala ya daina kai wa Mokolo da kansa. Ya daina mita ma, ni kuwa na fi son mitar.

Ranar Talatar da ta wuce, gab da azahar, gidan ba kowa sai mu, ya zo bakin kekena ya tsaya. Bai dube ni ba.

"Larai, ɗan tsayar da keken nan."

Na tsayar. Ya ce in ajiye mata kwanon, in koma ɗaki. Na ajiye, na koma, amma ban saki labule duka ba. Na ga ya ɗauki wani tsohon bokitin ƙarfe ya fita zaure, ya laɓe a bayan ƙofa. Sai na ji ƙara.

Da bakinsa yake yi. Ya kifa fuska cikin bokitin don sautin ya yi kauri, yana kaɗa leɓe, yana ɓaɓatu, ya fara ƙasa-ƙasa kamar daga nesa, yana ƙarawa. Ya sarƙe, ya yi tarin, ya ci gaba. Dattijo mai furfura, wanda ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Ban san yaushe ya koya ba, ban san a ina ya ɓuya yana gwadawa ba. Kuma wallahi ya yi kama.

Inna Jaratu ta daina wasa da zanenta. Ta ɗago kai, ta juya kunne wajen zaure, ta daɗe a haka. Na ga leɓenta na motsi. Na dafe ƙirji ina ya Allah, ya Allah.

Numfashinsa ya ƙare. Tarin ƙarya ya zama na gaske, ya turnuƙe shi har sai da ya dafa bango. Ya ajiye bokitin, ya goge ido, ya gyara hula, ya shigo tsakar gida da sallama yana haki, ya durƙusa a bakin tabarmarta.

Ta amsa sallamar. Ta dube shi sosai, ta ja mayafinta ta rufe kai.

"Sannu, bawan Allah. Kai ne kake ta tari a waje? Wannan tari naka ya yi yawa, ka nemi magani."

Ya ce, "To."

Ta turo kwanon gabansa da hannu biyu, hannun duk jijiya.

"Daga ganinka ka sha hanya. Bismilla, ci kada ya huce. Ni sai ya dawo."

Ya dubi kwanon. Ta tsare shi da ido, irin na matar gida da ba a ƙin abincinta, ta ce, "Ci mana, kada ka ji kunya. Mai gidan ba ya son baƙo ya tashi da yunwa." Sai ya wanke hannu ya gutsura. Yana ci hawaye na sauka cikin miyar, ita kuma ta mayar da fuskarta wajen ƙofa tana saurare.